Jumma'ar da Na Ɗauka Lahadi Ce

Wanda ya ce maka ɓarayin Limawa da dare suke zuwa, bai zauna a unguwar ba. Da dare akwai karnuka, akwai maza kwance a zaure. Namu ɓarayin sun san kalanda fiye da liman da fasto. Ranar Jumma'a da azahar sai su bi shagunan Musulmi, Lahadi da hantsi su leƙa ɗakunanmu mu Kirista.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa na kama ɗaki kusa da shagon Ndakotsu, wani dattijo Banufe, tela. Keken ɗinkinsa ɗaya tal, da shi yake ciyar da mutum shida. Muka shirya: in ya tafi masallacin Jumma'a in zauna masa a shago, in na tafi coci ran Lahadi ya sa ido a ɗakina. Wata goma muna haka, ko allura ba ta ɓata ba.

Sai Jumma'ar Ista ta zo, ranar da muke tuna mutuwar Yesu. Babu aiki a tashar jirgi inda nake kafinta. Na yi wanka, na sa kayan coci, wallahi kaina ya ba ni Lahadi ce. Na wuce shi yana ɗinki.

"Baba, ga ɗaki nan," na ce, yadda na saba.

Ya ɗago ya dube ni. "To, Yona, a dawo lafiya."

Shi a zatonsa kafin azahar na dawo, kamar kowace Lahadi. Ina zai san sujadar ranar sai ƙarfe uku ake tashi? Ni kuwa, sakarai, ina tsakiyar waƙa na jiyo kiran salla daga nesa. Nan na tuna yau Jumma'a ce. Kunya ta hana ni ratsa mutane, na ce bari a ƙare wannan addu'ar. Aka ƙare, aka shiga wata.

Da na iso da gudu, Ndakotsu na zaune a bakin shago, buzun sallarsa a kan cinya. Inda keken yake sai sawun ƙafafunsa huɗu a ƙasa. Maƙwabta sun ce mutum biyu suka ɗora shi a amalanke, kowa ya ɗauka gyara za a kai.

Na durƙusa. "Baba, na cuce ka."

"Na jira ka har aka kusa tayar da salla," ya ce, bai ɗaga murya ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na juya wajen ɗakina, na san an kwashe ni ma. Sai na ga wani tsohon kwaɗo a ƙofar, ba nawa ba.

"Ka bar ƙofarka a sake," in ji shi, yana miƙo mini mabuɗi. "Kwaɗo ɗaya gare ni, na shago, kuma amana ka bar mini."