Kwalta Har Ƙofar Inna

Tun da tifa ta ƙarshe ta juye kayanta Injiniya ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya je gaba, ya dawo baya, ya leƙa cikin tifar sai ka ce direba ya ɓoye wata kwaltar a lungu. Babu komai sai tururi.

Lissafinsa bai taɓa ba shi kunya ba: tsawon layi, faɗinsa, kaurin shimfiɗa, da ɗan ƙari don motar daɓe tana danne kwalta ta rage tudu. Wannan layin kuwa da hannunsa ya auna shi, don gidansu ne a ƙarshe, kuma Inna ta gama shelanta wa duniya Autanta zai kawo kwalta har bakin ƙofarta. Kamfani ya ba da iya abin da ya nema, ya ce babu ƙari.

Ranar awo, ramukan tsohuwar hanyar cike suke da ɓaraguzan bulo da 'yan layi suka yi shekaru suna zubawa, ƙafa da taya sun daddale su. Yau da safe ya tarar da su a wangame, an ƙwaƙule an share tas. Kowane rami sai ya sha kwalta ya ƙoshi kafin a wuce shi.

Maƙwabciyarsu ce ta ba shi labari tana washe baki. Inna ce ta tara matan layi jiya da fartanya da tsintsiya, wai ba za a shimfiɗa aikin ɗanta a kan shara ba.

Ya roƙi leburori su ja kwaltar ta yi nisa. Babbansu ya ce in ta fi haka siranta ruwan farko zai kwashe ta. Ya kira kamfani, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, nan ma ba a ɗauka ba.

Shebur na ƙarshe ya faɗi a ƙofar maƙwabciyar. Daga nan zuwa gidansu ramuka ne a buɗe, sun fi da zurfi.

Inna na zaune a ƙofar gida, ta ci kwalliya, tafin hannunta duk ya yi bororo.

"Auta, ramukan sun yi tsaf ko? Har bayana ya riƙe."

Ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido. Tausayi ya danne haushin da ya zo da shi.

"Sun yi, Inna. Sannu da aiki."

"To, ka ce musu su ƙaraso mana."