Azumin da Ake Shan Ruwa

Bayan Maman ne ya fara lalacewa. Tun da ya zo Tamanrasset ta Aljeriya yake ɗaukar bulo a shantiye, wato wurin gini, har ta kai in ya sunkuya ɗaure takalmi sai an zo an miƙar da shi.

Khamisu, abokin ɗakinsa, ya ce yana da magani. Ya taɓa yi wa nasaru masu yawon duwatsu dahuwa can wajen Hirafok, wata tsohuwa cikinsu ta koya masa motsa jikin da ake kira yoga. Bayan sallar asuba sai ya baje Maman kan tabarma ya yi ta lanƙwasa shi. Hannu da ƙafa a ƙasa, ɗuwawu sama. Daga nan tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Abin haushi, bayan ya yi sauƙi.

"Saura azumi," in ji Khamisu. "Sau biyu a wata ake hutar da ciki. Yini da kwana, ba tuwo, ba burodi. Ruwa kam, sha iya shanka."

"Azumi da ruwa?"

"Na mutanen Indiya ne. Su haka nasu yake."

Damuwar Maman ɗaya, Sauda. 'Yar Maraɗi ce, tana sayar da shinkafa da wake a bakin shantiye, kuma aurenta yake so. Bai taɓa faɗi ba. Ludayi ke magana tsakaninsu: ta ƙara masa nama, shi kuma ya suɗe kwano tas. Bai taɓa tsallake tukunyarta ba ko da yini guda.

Azumin ya faɗo ranar Talata. Da rana ya zo wucewa ta gabanta, kai a sunkuye.

"Maman, yau makanta ta kama ka?"

"Azumi nake."

"Ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Ko kai ma ramuwa kake, irin tamu ta mata?"

Leburori suka fashe da dariya. Sauda ma ta yi, amma da ya wuce sai ta tsamo tsokar da ta fi kowace ta ajiye masa ta buɗa-baki.

Da la'asar ta shiga shantiye tattara kwanoninta. Bayan tarin yashi ta iske mai azumi ya kafa bidon ruwa a baki, ruwa na bin haɓarsa.

"Allah ya karɓi ibada," ta ce.

Maman ya sauke bidon a hankali.

"Wajen Raliya ka ci, ko?"

Raliya na sayar da taliya a tsallaken hanya, mai na iyo a samanta, ta kuma kwashe wa Sauda masu ciniki da dama.

"Wallahi ban ci ba. Irin wannan azumin ana shan ruwa."

"A wane littafi?"

Ba shi da littafi. Abin da yake da shi ya nuna mata: ya naɗe ƙafa ɗaya kan cinya, ya haɗa tafukansa sama da kai, ya rufe ido. Masu kwaɓa siminti suka ajiye shebur suka zo kallo. Wani ya tambaya ko a kira malami.

"Zakara ma yana wannan," in ji Sauda, "kuma da tsaba a cikinsa."

Ta fita. Ta dawo da kwanon buɗa-bakin, ta tula wani ludayin a kan shinkafar, ta dire kan bulo a gabansa.

"Cikin da ya ci taliyar Raliya ba ya ɗaukar wannan. In ka rage ƙwaya ɗaya, daga gobe ka tsallaka hanya, kada ka sake waiwayo ni."

Khamisu ya leƙo daga saman gini. "Kada ka karya, abokina. Dare kaɗai ya rage. Ja numfashi ta hanci, a hankali, yadda na koya maka."

Maman ya ja numfashi ta hanci, a hankali. Man gyaɗa ya shiga, da yaji, da soyayyiyar albasa. Ƙafar da ke naɗe ta sauko da kanta.

Ya zauna kan yashi ya yi bisimilla. Ya cinye shinkafar, ya cinye tsokar, ya bi gefen kwanon da yatsa, sannan ya kifa shi don kowa ya shaida.

Sauda ta ɗauki kwanon ta duba ciki kamar ma'aikacin dowan mai binciken kaya a kan iyaka.

"Kawuna yana garin In Amguel, yana facin taya a bakin hanya," ta ce. "Ka je ka gaishe shi. Da ƙafa biyu."

Maman ya yunƙura zai tashi. Bayan lafiya lau, cikin ne ya hana.

"Yaushe ne azumi na gaba?" ta tambaya.

"Tsakiyar wata mai kamawa," in ji Khamisu daga sama, murya a mace.

"To. Ranar sai in ƙara wake."