Gidan Fis na Zinariya

Mutumin da abokansa ke kira Kunne ya sauka daga kujerar tsakiya ranar Asabar da yamma, bayan shekara goma sha ɗaya a kanta. Ya sauka ne a falonsa, jim kaɗan bayan an gano cewa gidan fis mai ruwan zinariya da ya yi mako shida yana yabon sautinsa ba ya jikin amfilifayarsa, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti. Yana jikin keken ɗinkin matarsa.

Kunne tsohon akawun kotu ne. Tun da ya yi ritaya, duk Asabar yakan karɓi abokansa biyu, Hedimasta da Mai Kemis, su saurari faifai daga ƙarfe huɗu zuwa shida. A falon akwai sifika biyu masu kaiwa ƙugu, da kujera ɗaya a daidai tsakiyarsu, an zagaye ƙafafunta da alli don kada ta gusa. Nan ne kawai sauti ke haɗuwa yadda ya kamata. Dokar zaman guda ce: wanda ya fi kunne shi ke zama a can, wanda kuma aka kama ya ji abin da babu, sai ya koma kan benci a bakin ƙofa. Kunne ne ya kafa dokar. Shi ne kuma ya zartar da ita shekara huɗu da suka wuce, ranar da Hedimasta ya yabi sifikar hagu alhali wayarta a cire take. Tun ranar Hedimasta yana bakin ƙofa, inda rabin abin da yake ji ƙarar firij ce.

Gidan fis ɗin bai wuce babban yatsa ba. Aikinsa riƙe fis, 'yar kwalbar nan da ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa. Takardar da ta zo da shi ta ce yana wanke wuta kafin ta shiga na'ura. Ranar da ya iso, Kunne ya ɗora shi a kan hankici ya zagaya da shi. Ba a yarda kowa ya taɓa ba.

Ƙanin matarsa, mai gyaran rediyo da talabijin, shi aka kira ya saka. Kunne ba ya iya kallon ana buɗe amfilifayar, don haka ya fita baranda ya yi ta kai da komo kamar mai jiran a fito da ɗan'uwa daga tiyata. Sharaɗi ɗaya ya bari: kada a ga ko ƙwarzane a jikinta.

A nan matsalar ta fito. Sabon gidan fis ya fi ramin tsohon faɗi, ba zai shiga ba sai an huda ƙarfe. Mai gyaran ya duba sharaɗin, ya duba ramin, sai ya goge tsohon da ɗan tsumma, ya mayar, ya tura amfilifayar cikin kabad ɗinta, bayanta na kallon bango.

"Yaya, akwai wata magana," in ji shi, lokacin da Kunne ya shigo.

Kunne ya riga ya ɗora faifai. Ya ɗaga yatsa. Ba a magana idan faifai na juyawa.

Mai gyaran ya jira waƙa uku. A ta huɗu ya ga mijin yayarsa ya rufe ido, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Ka ji gangar nan?" Kunne ya ce. "Shekara ashirin ina da faifan nan, yau na san fatar akuya ce."

Mai gyaran ya tattara sukudirebobinsa da sabon gidan fis ɗin ya nufi ɗakin ɗinki. Ya gaya wa yayarsa komai. Ita kuma ta nuna masa akwatin wutar kekenta, wanda gidan fis ɗinsa ya tsage tun bara, take tokare shi da tsinken ashana.

"To sa shi nan kafin ya ɓata," ta ce. "In ya gama kukan sai mu gaya masa."

Bai gama ba. Ya kafa doka cewa ba za a motsa amfilifayar ba sai sabon ƙarfe ya yi awa ɗari biyu yana shan wuta, kamar yadda takardar ta ce. Ya kuma buɗe sabon shafi a littafin da yake rubuta abin da ya ji. A mako na biyu ya rubuta cewa mawaƙiyar ta matso gaba da taku biyu. A na uku ya ji mai kiɗa ya haɗiyi yawu. A na biyar ya gano akwai fanka a ɗakin da aka ɗauki waƙar, kuma tana buƙatar mai. Mai Kemis, wanda bai taɓa musu da mai gida ba, ya ce shi ma ya ji fankar. Hedimasta ya ce shi firij yake ji.

Ranar Asabar ta shida maɓallin hannun rigar Hedimasta ya cire. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin ɗinki don a mayar masa. Maɓallin ya faɗi ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka, sai ya ga wani abu yana ƙyalli a gindin keken. Ya san shi. Ya taɓa ganinsa a kan hankici.

Ya dawo falo ya zauna a bencinsa, ya jira faifai ya ƙare.

"Malam, yaya fankar nan yau?"

"Ta ƙara fitowa."

"Madalla. A ɗan jawo mana amfilifayar mu gaisa da zinariya."

"Saura awa goma sha takwas."

"Ai ta sha wuta. Ta yi labule shida da zanen gado."

Aka jawo. Baƙar robar tsohon gidan fis ɗin, da ke nan tun ranar da aka sayi na'urar, tana nan, an goge ta tas. Kunne ya dube ta, ya kira matarsa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka sau biyu, Malam. Ka ɗaga mini yatsa."

Aka kira ƙaninta a waya, ya zo da jakarsa. Bai musa komai ba.

"Yaya, kai ka ce kada a ƙwarzane ta. Ban ƙwarzane ta ba."

"To sautin da ya canza fa?"

"Na goge ƙura."

Mai Kemis ya ce, gaskiya, shi fankar bai ji ta sosai ba. Hedimasta ya miƙe, ya kaɗe bencin da hularsa, ya tura shi gaba da ƙafa.

Kunne ya tashi daga kujerar. Amma shekara talatin a kotu ba ta tafi a banza ba. Ya ce ya ɗaukaka ƙara. Hujjarsa ita ce falo da ɗakin ɗinki layin wuta ɗaya suke, saboda haka zinariyar tana wanke wutar gidan gaba ɗaya, abin da ya ji kuwa yana nan. Hedimasta ya ce in haka ne firij ma ya kamata ya gyara murya.

An yi sulhu kafin ƙarfe shida. Mai gyaran zai haɗa ƙananan akwatuna biyu iri ɗaya, waɗanda ake sawa a jikin wayar wuta ba sai an huda komai ba. Ɗaya da zinariya a ciki, ɗaya da roba. Ɗaya a amfilifaya, ɗaya a keke, a liƙe su. Kunne zai saurara ya faɗi wanne ne nasa. In ya dace, kujera tasa ce. In ya kuskure, benci.

An haɗa akwatunan ranar Litinin. Ranar Laraba Kunne ya rubuta a littafinsa cewa zinariyar tana wajensa, don mawaƙiyar ta ƙara taku ɗaya. A ranar ce kuma matarsa ta ce tana wajenta, don zare bai tsinke mata ko sau ɗaya ba. Ta ƙara da cewa babu mai buɗe akwatin kekenta sai ta gama labulen wata makaranta, guda arba'in. Kunne ya ce nasa ma ba za a buɗe ba, an fara ƙirgen awa ɗari biyu daga farko.

Da aka tambayi mai gyaran, ya ce ya yi alama a ƙasan akwatin zinariyar da alli, amma yayarsa ta goge duka biyun da tsumma kafin a jona.

Zuwa jiya, labule tara aka gama. Kwandon zare ne a kan kujerar tsakiya.