Kunun Kanwar Safara'u

Shekara shida Dokta Isiyaku ya yi a jami'a a Zariya yana binciken abu guda: me ke kumbura zuciyar masu jego. Abokan karatunsa duk sun bi kwangila, sun sayi Fijo, shi yana ɗakin gwaji da kwaɗinsa. Abin da ya gano bai da daɗin faɗa. Kanwa na tara ruwa a jiki, zuciya ta yi ta fama har ta gaza.

Da ƙanwarsa Safara'u ta haihu, ya zo Katsina suna. Yana durƙusawa a bakin ɗakinta ya ga ƙafafunta sun kumbura suntum. Ta gaishe shi tana haki.

Gwaggo Delu, mai kula da jegon, ta shigo da kwanon kunun kanwa.

"Gwaggo, don Allah a dakata da kunun nan."

"Mi? Likitan kwaɗi, da shi aka yi jegon uwarka! Tashi ka koma zaure wurin maza."

A zauren ma dariya aka yi masa, aka koma hirar farashin siminti.

Ran Asabar ya kamata ya koma Zariya, domin akwai taron masana inda zai gabatar da bincikensa karo na farko. Ya ɗaure jakarsa, ya je sallama. Gwaggo ta ajiye kunu ta tafi iza wutar ruwan wanka.

Safara'u ta tura masa kwanon da ƙafa. "Yaya, in na kwanta numfashina tsayawa yake. Ni na yarda da kai. Amma in ta ga na rage, ɗura za ta yi mini."

Ya dubi kwanon. Tsakar gida cike da mata, babu inda zai zubar. Ya ɗaga ya shanye.

Bai tafi ba. Kullum da safe sai ya zo gaisuwa, ya shanye, ya fita yana yamutsa fuska. A hankali ƙafafun suka saɓe, hakin ya tafi. Taron Zariya kuwa aka yi aka watse babu shi.

Ranar arba'in Gwaggo ta ɗaga ƙafar Safara'u gaban mata. "Ina likitan kwaɗi? Zo ka ga aikin kanwa!"

Ya ce, "Na gani, Gwaggo."

Babu wanda ya raka shi tasha. Ya zauna a mota kusa da taga, jakar a cinyarsa, bakinsa har yanzu ɗanɗanon kanwa.