Zagin Barmo

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Barmo, can bakin babbar hanya a Birnin Ƙonni, ya san tun kafin ka hango tulin tsofaffin tayoyi za ka fara jin muryar maigidan. Barmo bakanike ne na gaske, amma bakinsa sai dai Allah ya kyauta. Bai iya koya wa mutum aiki ba sai da zagi. In ka bar noti sako-sako kai jaki ne, in ka matse shi ya wuce kima kai jaki ne mai ƙarfi. Sai dai mutanen gari sun daɗe da lura cewa duk gwanin da ya fita daga hannunsa ya sha zagi har ya ƙoshi. Wanda kuwa Barmo ya ga ba shi da rabo a ƙarfe, ba ya ɓata yawunsa a kansa. Gaishe shi yake da fara'a, ya aike shi sayen goro.

Munkaila ya fi kowa daɗewa a garejin, ya kuma fi kowa shan zagi. Ga shi idanun Barmo sun fara rauni, 'ya'yansa duk sun bi kasuwanci, ba wanda ya yarda baƙin mai ya taɓa masa riga. Kowa ya san nan gaba kaɗan tsohon zai zauna a inuwa ya bar wurin a hannun wani, kuma Munkaila bai taɓa tambayar kansa ko wane ne wanin ba. Har ya riga ya zaɓi inda zai mayar da bencin baƙi in ranar ta zo.

Matsalar ta faro ne a shekarar da rediyo ba ta da zance sai na taron ƙasa da ake yi a Yamai, kowa na maganar 'yanci da mutunci. Wata ranar kasuwa surukin Munkaila, mahaifin matarsa Saratu, ya zo daga Dogarawa, ya biyo ta garejin su gaisa. Munkaila ya durƙusa ke nan yana tambayar mutanen gida, sai muryar Barmo ta taso daga ƙarƙashin wata mota.

"Munkaila! Kai jaki, wa yab bar tukunyar mai buɗe? Ƙasa kaka son mu zuba ma mutane cikin inji?"

Dattijon ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Munkaila kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutum da gemu, da mata, da 'ya'ya a makarantar lakwal, a kira shi jaki gaban suruki! Bai iya tunkarar maigidansa da maganar ba, don haka ya yi abin da ake yi, ya je wajen Liman na masallacin unguwa ya roƙe shi ya sa baki.

Liman ya tare Barmo bayan sallar la'asar. Ya yi masa magana mai laushi, cewa yaron nan ya girma, iyali gare shi, a riƙa sakaya masa. Barmo ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "To, Malam, na jiya." Ya tashi ya koma garejinsa.

Washegari da Munkaila ya iso, Barmo ya ɗago ya ce, "Malam Munkaila, an tashi lahiya? Ina iyali?" Daɗi ya kama Munkaila har kunne. Ran nan da tsire a hannu ya koma gida, ya ce wa Saratu yau an san darajarsa.

Ana nan sai ga Chindo. Direban babbar mota ne daga Malbaza, ya gaji da hanya, ya zo neman a koya masa gyara duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Hannunsa nauyi gare shi, in ya kama noti sai ya ci masa kai. Barmo ya sauka a kansa kamar ruwan Agusta. Tun safe har yamma ba ka jin komai sai "Chindo shashasha", "Chindo kan tulu". Da farko Munkaila har tausayinsa yake ji, yana kuma dariya a ciki.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wata rana yana canza taya shi kaɗai a gefe, sai ya hango Barmo da Chindo sun cusa kai cikin injin wata babbar mota, kafaɗa da kafaɗa.

"Saurara, jaki!" in ji Barmo. "Ba da ido aka gyaran famfon gazuwal ba, da kunne aka yi. Ka ji wagga ƙarar ta ƙasa? Juya kaɗan. Kaɗan nic ce, ɗan banza, ba tuƙin tuwo ba ne!"

Saita famfon gazuwal, wato man dizal, da kunne shi ne abin da Barmo bai taɓa nuna wa kowa ba, shi ne abin da Munkaila ya yi shekaru yana jira. Ga shi yau ana ɗura wa baƙo, kuma cikin zagi ake ɗura masa, don Barmo bai san wata hanyar ba.

Daga ranar kishi ya kama shi, kishi mai ci kamar tsatsa. In ya ji an ce "Chindo jaki" sai ransa ya ɓaci kamar an ba wani abincinsa. Ya lura ba wanda ke duba aikinsa kuma. In ya gama mota ya ce, "Maigida, a duba," sai Barmo ya ce, "Haba Malam Munkaila, aikinka ai ba ya son dubi," ko juyowa ba ya yi. Ya gwada zuwa a makare, rana ta take, Barmo ya tambaye shi ko lafiya yara suka kwana. Ya bar kayan aiki a watse, Barmo ya tsallake su ya wuce. Hannunsa da a da ba ya zama ya yi sanyi, don aikin da ba mai kallo ba ya shiga rai. Chindo kuwa kullum ƙara kyau yake, ana zaginsa yana murmushi, murmushin da Munkaila ya tsana fiye da komai a duniya.

Da ya gaya wa Saratu, dariya ta yi har tana riƙe ciki. "Yanzu kai kishin zagi kaka yi? In shi kaka so, ai ni ma na iya."

Bai yi dariya ba. Ya yi tunanin komawa wajen Liman, to amma ya ce masa me? Malam, a taimaka a roƙi maigida ya ci gaba da kirana jaki? Ko a ransa maganar ba ta faɗuwa.

Sai ya yanke shawarar ƙwato zaginsa da hannunsa. Takama, wani direban tasi mai jigila tsakanin Ƙonni da Badagishiri, ya kawo tsohuwar Fijo a canza mata buji, wato fulogi. Aiki ne da Munkaila zai yi ido rufe. Ya canza su tsaf, sannan da gangan ya sarƙe wayoyi biyu, ya sa ta nan a can, ta can a nan. Kuskure ne na ɗan koyo, ba ya kashe kowa, amma ba bakaniken da zai ji shi ya yi shiru.

"Tada ta," ya ce wa Takama.

Motar ta tashi tana tari, tana karkarwa, ta yi wata ƙara kamar an fasa buhu. Barmo, da ke zaune yana shan shayi, ya dire kofin ya miƙe. Munkaila ya gyara tsayuwa kusa da injin, hannu a baya, cike da murna. Yau dai za a yi ta.

Barmo ya leƙa, ya shafa wayoyin da yatsa, ya gane nan take. Ya dubi Munkaila, kallo ɗaya, sannan ya juya.

"Chindo! Kai jaki, taho nan!"

Chindo ya fito daga ƙarƙashin wata mota da gudu, yana goge hannu.

"Motar ga cikin garejin wa take? Kana nan awa icce, ana aiki ƙarƙashinka ba ka dubawa? Gobe in ba ni nan, haka za ka bari a saki motocin mutane suna tari bisa hanya?"

"Maigida, ai ba ni niy..."

"Na san ba kai kay yi ba, shashasha! Tunda kai za ni bar ma wurin ga, ɓarnar kowa bisa wuyanka take. Daga yau mota ba ta hita sai ka sa mata kunne."

Takama ya kashe motar, ya kau da kai yana kallon hanya. Barmo ya juyo wajen Munkaila, ya sassauta murya kamar mai magana da baƙo.

"Malam Munkaila, gahwarta, ɗan matsa mishi shi duba."

Munkaila ya matsa. Chindo ya sunkuya cikin injin, ya mayar da wayoyin inda suke, sannan ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba.

"Yaya Munkaila, ba ni sifana in sake duba bujin nan."

Munkaila ya ɗauko sifanar ya sa masa a hannu.