Inuwar Sandar Tuta

"Ba haka ba, Shamsu! Kada ka gano da wuri. Sosa kai tukuna."

Mushe Sallau, kamar yadda ake kiran malami a nan da Faransanci, ya share gumi, ya sa aka sake daga farko. Kwana shida ke nan ƴan ajinsa na katiriyam, wato aji uku na sakandare, suna haddace yadda za su yi tunani da kansu.

Asalin abin wani horo ne na kwana uku da aka kai malaman lissafi Damagaram, inda aka bayyana musu cewa yanzu ba a ba yaro amsa, sai dai a jefa shi cikin matsala ya fito da dabararsa. An rubuta musu haka a allo, suka kwafe kalma da kalma. Yau kuma ansifekta, Alhaji Abdulra'uf, zai zo ya duba darasin. Sallau ɗan kwantaragi ne, kuma darakta ya faɗa masa a fili: in makinsa bai kai goma sha biyu cikin ashirin ba, akwai wata makaranta can bayan Kurni da ke neman malami. Matarsa Basira ta ce Allah ya kiyaye hanya, ita tana nan Matamaye.

Matsalar da ya zaɓa ita ce a gano tsawon sandar tutar makaranta ba tare da an hau ba. Bushra za ta ce a tuge sandar a kwantar, a yi dariya daidai gwargwado. Sai Shamsu ya sosa kai, ya dubi ƙasa, ya gano cewa in aka kafa sanda mai mita ɗaya aka auna inuwarta, aka auna ta tuta, sauran aikin lissafi ne. Kullum da ƙarfe tara abin yana tafiya sumul.

An ce ansifekta zai iso ƙarfe tara. Ya iso sha biyu da kwata, yana sakace haƙori.

Alhaji Abdulra'uf ya sa aka ajiye masa kujera a gindin dogonyaro, ya buɗe takardar maki. Yara saba'in da huɗu suka kewaye sandar tuta a cikin ranar ƙarshen Afirilu. Bushra ta ce a tuge. Aka yi dariya. Shamsu ya sosa kai da kyau, ya dubi ƙasa, ya ɗaga yatsa.

"Na gano, Mushe! A auna inuwa!"

Kowa ya dubi ƙasa. Rana na tsaka, inuwar ta shige gindin sandar, abin da ya rage bai kai tafin hannu ba. Shamsu, da yake yaro ne mai cika alkawari, ya durƙusa da igiyar awo ya auna abin da ya samu.

"Santimita shida, Mushe."

"To, ita ta mita ɗayan fa?" in ji Sallau.

"Ita ba ta da ko kaɗan."

Sallau ya fara tunanin ko ana samun gidan haya a bayan Kurni.

Daga can baya wata yarinya ta ɗaga hannu. Jamilatu ce, wadda ba a ba ta komai ta faɗa ba sai dariya. Ta fara da Faransanci, ya ƙare mata a kalma ta uku, ta koma Hausa.

"Mushe, a jira la'asar mana."

"La'asar kuma?"

"Kakata ba ta da agogo. Takan tsaya a tsakar gida ta auna inuwarta da tafin ƙafa. Ta ce tsawon kowane mutum ƙafarsa bakwai ne. A wannan watan, da inuwar ta cika bakwai sai ta ɗauki buta. To in inuwar Kaka ta yi daidai da Kaka, ai ta tuta ma ta yi daidai da tuta. Sai a auna a ƙasa. Ba sai an yi lissafi ba."

"In ladan ya makara fa?" in ji Bushra, wannan karon ba da izini ba.

"Ai ba ladan za mu jira ba. Ke za mu tsayar mu auna."

Gardama ta ɓarke. Wani ya ce ƙafar Shamsu ta fi ƙarfin bakwai, biyar ma ta ishe shi. Wata ta ce ba sai an jira ba: in inuwar mutum ta kai rabinsa, sai a ninka ta tuta. Sallau ya buɗe baki zai tsawata, ya ga babu abin gyarawa, ya rufe.

Bayan an tashi, Alhaji Abdulra'uf ya kira shi gindin dogonyaro.

"Mushe Sallau, shekarata ashirin da biyu a wannan aiki, ba a yi mini rufa-rufa. Yaron nan da ya sosa kai, ka ga tunani na gaskiya, har a fuskarsa. Amma yarinyar nan mai kaka, kowa ya gani ya san kai ka shirya ta. Ya yi kyau da yawa. Kada ka sake."

"In Allah ya yarda, Alhaji."

"Na cire maka maki biyu saboda ita. Goma sha uku."

Motar ansifekta ta fita ta nufi Kance. Sallau ya koma gida ya faɗa wa Basira ba inda za shi, ta ce da ma ta sani.

Wajen ƙarfe uku da rabi ya dawo makaranta ɗaukar jakarsa da ya manta. Yara kusan ashirin ne a filin, ba wanda ya kira su. Bushra na tsaye ƙiƙam a rana, Jamilatu na jera ƙafa a inuwarta tana ƙirga.

"Shida da rabi, Mushe. Saura kaɗan."

Sallau ya ajiye jakar, ya riƙe musu bakin igiya.