Jan Layin Baba Mavungo

Shekara shida na yi ina jiran ranar da zan taka jirgin haƙar man da Baba Mavungo yake shugabanta. Jirgin yana tsakiyar teku, tafiyar awa guda daga garin Soyo a jirgi mai saukar ungulu.

A nan yayana Kiala ya yi aiki, shi ke sa hannu a gwajin matsi. In an zuba wa rijiyar mai siminti, sai a danna mata ruwa da ƙarfi, wata allura mai jar tawada ta riƙa zana layi a kan takarda mai zagaye. In layin ya tsaya, siminti ya kama. In ya sauka, akwai yoyo. Wata rana Baba Mavungo ya miƙa wa Kiala takarda ya ce ya riga ya yi gwajin, Kiala kuwa ya sa hannu saboda ganin girman furfura. Bayan mako guda rijiyar ta yi aman gas, mutum biyu suka ƙone. Aka kori Kiala, aka shafa wa sunansa baƙin fenti a duk kamfanonin mai. Yanzu motar haya yake ja a birnin Luanda.

Da aka ɗauke ni aikin injiniya a jirgin, a kan wannan gwajin, ranar da zan tafi ya ba ni kwafin takardar nan. "Baba Mavungo yana da wata tsohuwar takardar gwaji a aljihun teburinsa," in ji shi. "Ɗora sabuwa yake yi a kanta a jikin taga, ya bi layin da biro. Kowa ya sani, ƙanwata Tchissola."

Wannan ne ya fi ƙona min rai. Manya da gemu, sun sani, sun yi shiru, don kawai a ce an gama rijiya kwana ɗaya da wuri!

Wata uku ina jirgin, ina gaishe da Baba Mavungo har da rusunawa. Bai san ko ni wace ce ba, domin sunan mahaifina da na Kiala ya bambanta. Ran da muka zuba simintin ƙarshe, da azahar, ina ɗakin cin abinci da tuwon rogo da miyar busasshen kifi a gabana, sai ga shi yana fifita da takarda.

"'Yar boko, ci abincinki a tsanake. Na hutar da ke, gwaji ya yi kyau. Sa min hannu nan."

"Baba, da sauri haka? Ko injin bai huce ba."

"Ke, tun ba a yaye ki ba nake haƙa rijiya. Daga ƙarar famfo nake gane siminti ya kama."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Sa masa hannu, Injiniya, kafin tuwonki ya sandare."

Na karɓi takardar, na goge hannuna, na zaro jan katin tsayar da aiki da ake ba kowa amma ba mai amfani da shi, na aza a kan tebur. Dariya ta ɗauke.

"A kira wakilin kamfani," na ce.

Injiniya Bumba, wakilin, ya iso yana huci. "Kin san abin da kika tsayar kuwa?"

Na nufi taga. Na fito da kwafin Kiala, na ɗora takardar yau a kansa, na manna su a jikin gilashin taga. Rana ta ratsa su. Layi ya hau kan layi daidai, har da wani ɗan lanƙwasa a minti na sha huɗu.

"Wannan ta yau ce, wannan ta shekara shida da suka wuce," na ce. "Rijiya biyu daban, ranka ya daɗe. Ta yaya allura za ta yi tuntuɓe a wuri ɗaya?"

"Ƙarya take yi!" in ji Baba Mavungo. "Yaran nan na jami'a..."

"To a sake gwajin," in ji Bumba. "A gabana."

Muka tsaya a kan allurar mu kusan ashirin. Minti huɗu ta riƙe, sannan ta fara gangarowa a hankali. Wanda ya yi min ba'ar tuwo ya cire hular kwanonsa ya zauna a ƙasa. Bumba ya aika aka buɗe aljihun teburin, aka kawo tsohuwar takardar, gefenta duk ya yi baƙi don yawan taɓawa. Ya dubi sa hannun da ke kan kwafina, ya ce za a sake buɗe maganar Kiala, shi da kansa zai rubuta wa kamfani.

Washegari da safe jirgi mai saukar ungulu ya zo ɗaukar Baba Mavungo, an sauke shi daga aiki. Ba wanda ya raka shi, sai ni. Na ɗaukar masa jakarsa har bakin matakala.

"Me na tare miki, yarinya?" ya tambaya, muryarsa a dushe.

"Ni ƙanwar Kiala ce, Baba. In ka sauka Luanda ka rasa mai ɗaukarka, motarsa shuɗiya ce, tana tsayawa a bakin kasuwar kifi."

Na ajiye jakar a ƙasa, na bar shi ya sunkuya ya ɗauka da kansa.